Na'urar famfon sola ta ƙi tashi: yaya zan ɗora ɓangaren NAND in kwashe bayanan ciki?

Mai_Sola_Kura:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wata ƙaramar na'ura mai aiki da Linux da ke haɗe da famfon sola na wata ƙungiyar manoman rani a yankin Kadawa. Aikinta shi ne ta riƙa rubuta awannin da famfo ya yi yana aiki da yawan ruwan da kowace gona ta sha, kuma da wannan lissafi ake raba kuɗin gyara idan an gama girbi. Yanzu ta daina tashi. U-Boot, wato manhajar da ke tayar da na'urar, yana fitowa ta wayar siriyal, kanel, wato zuciyar Linux, ya fara lodi, sai ya tsaya a daidai inda zai ɗora tushen fayiloli. Na tashe ta da wani kanel da na harhaɗa da kaina daga katin SD, kuma /proc/mtd ya nuna mini ɓangarori shida, na ƙarshensu mtd5 mai suna rootfs, girman bulon gogewarsa 00020000. Ma'adanar NAND ce, wato aisin ajiyar bayanai da ke jikin fanel, mai MB 256. Da na buga mount -t jffs2 /dev/mtdblock5 /mnt sai allo ya cika da layukan "Magic bitmask 0x1985 not found", daga ƙarshe ya ce "Cowardly refusing to erase blocks on filesystem with no valid JFFS2 nodes". Wani ya ce in yi flash_erase in sake zuba manhaja, amma lissafin manoma yana ciki kuma ba su da wani kwafi. Shin ɓangaren ne ya lalace, ko akwai wata hanyar ɗora shi?

Baban_Khalil:
Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka kusanci flash_erase a yanzu, domin abin da ya goge ba ya dawowa. Saƙon da ka gani bai ce ɓangaren ya lalace ba. Abin da ya ce shi ne JFFS2, tsarin fayilolin da ka nemi a ɗora da shi, ya duba bai ga alamarsa ba, wato lambar 0x1985 da kowane guntun bayaninsa ke farawa da ita, saboda haka ya ƙi taɓa komai. Ka karanta farkon ɓangaren da hexdump -C -n 64 /dev/mtd5 ka kawo mana abin da ya fito. Idan haruffan farko UBI# ne, to UBI ke ciki, wato hawan da ke shiga tsakanin NAND da tsarin fayiloli, idan kuma hsqs ne, to SquashFS ne, tsarin fayiloli na karatu kawai.

Gyaran_Waya_Bichi:
A ganina tunda akwai /dev/mtdblock5, ai kamar kowane faifai ne. Me zai hana ya gwada fsck, umarnin gyaran faifai, a kansa, ko ya ɗora shi a matsayin ext4? Mu haka muke yi wa katin memori idan ya rikice.

Tsohon_Injiniya:
Ɗana Gyaran_Waya, katin memori da ɗanyen NAND ba abu ɗaya ba ne, kuma wannan bambanci shi ne tushen duk wannan magana. A cikin katin SD, da eMMC na waya, da filas na USB, akwai ɗan ƙaramin kwantirola da ke ɓoye ainihin halin ma'adanar, ya nuna wa kwamfuta kamar faifai ne da za a iya sake rubuta kowane wuri a duk lokacin da aka so. Ɗanyen NAND da aka lika kai tsaye a jikin fanel ba shi da wannan mai shiga tsakani, saboda haka kanel ne da kansa zai ɗauki nauyin.

Halin ma'adanar kuwa shi ne: wurin da aka goge yana karantuwa 0xFF, rubutu yana iya mayar da 1 ya koma 0 ne kawai, kuma ba a iya mayar da 0 ya koma 1 sai an goge bulo gaba ɗayansa. Lambar 00020000 da Malam ya gani tana nufin kowane bulo KB 128 ne, wanda a irin wannan aisi yawanci shafi 64 ne masu bayit 2048, kowane shafi da ɗan ƙarin wuri a gefe inda ake ajiye lambobin gyaran kuskure. Kamar allon almajiri ne da ba a kankare harafi ɗaya, sai dai a wanke allon duka a sake rubutu. Sannan kowane bulo yana da iyakar gogewar da zai iya ɗauka, kuma wasu bulolin tun daga masana'anta suke fitowa a mace.

Shi mtdblock kwaikwayon faifai kawai yake yi. Idan aka ce ya rubuta bayit 512, sai ya karanto bulon KB 128 zuwa RAM, ya goge shi, ya sake rubuta shi duka. Ba ya tsallake matattun buloli, ba ya raba gajiya tsakaninsu, kuma idan wuta ta ɗauke tsakanin gogewa da rubutawa, bulon ya tafi da duk abin da ke cikinsa. Idan fsck ya yi ƙoƙarin gyara wani abu ta wannan hanya, ɓarna zai ƙara.

Gyaran_Waya_Bichi:
Na gode, Baba. Amma ai shi ma JFFS2 ta mtdblock ake kiransa, kamar yadda Malam ya buga.

Tsohon_Injiniya:
Sunan kawai yake ara don ya gane wane ɓangare ake nufi, daga nan sai ya yi magana kai tsaye da MTD, wato sashen kanel da ke kula da irin wannan ma'adana. Shi ya sa mount -t jffs2 mtd5 /mnt ma yake aiki a na'urori da yawa.

Mai_Sola_Kura:
Baban Khalil, na duba, kuma bayit huɗu na farko 55 42 49 23 ne, a gefe an rubuta UBI#. Na gwada ubiattach /dev/ubi_ctrl -m 5 amma ya ƙi, dmesg kuma ya ce "bad VID header offset 2048, expected 512".

Ummu_Hafsa_Dutse:
Malam, dakata a nan kafin ka sake buga ubiattach. Mutane da yawa suna ɗauka wannan umarni karatu kawai yake yi, alhali da zarar UBI ya karɓi ɓangare yana da ikon goge bulolin da ya ga ba su da amfani, ya kuma matsar da bayanai daga wani bulo zuwa wani. Tunda kanel ɗin da kake amfani da shi ba shi ne na ainihin na'urar ba, fahimtarsa game da aisin tana iya saɓawa da ta wanda ya rubuta bayanan, kuma saƙon da ya ba ka hujja ce a kan haka.

Ka fara ɗaukar kwafi da nanddump zuwa katin SD, kuma ka ɗauka iri biyu. Na farko na yau da kullum, wanda kanel ya gyara wa kurakurai. Na biyu ɗanye, da zaɓin --noecc da --oob, domin ya haɗo da gefen shafukan ba tare da an taɓa su ba. Kada ka yi da dd, saboda ba ya ɗauko gefen shafi kuma bai san mataccen bulo ba. Ka kwafi sauran ɓangarorin biyar ma, sannan ka ajiye komai a wuri biyu. Wannan ba zai ci maka lokaci mai yawa ba a MB 256.

Baban_Khalil:
Maganar Malama Ummu Hafsa gaskiya ce. Game da saƙon kuwa, UBI yana sa kanun bayani biyu a kowane bulo: na farko yana ƙirga sau nawa aka goge bulon, na biyu yana faɗin wane kundi ne ya mallake shi. Idan aisi yana yarda a rubuta rubu'in shafi, wato bayit 512, ana sa na biyun a bayit na 512, sai ya rage bayit 129024 na amfani a kowane bulo. Idan ba a amfani da rubu'in shafi, ana sa shi a 2048, sai ya rage 126976. Waɗanda suka ƙera na'urarka sun bi tsari na biyu, kanel ɗinka kuma yana zaton na farko. Bayan ka gama kwafi, ka ƙara -O 2048 a kan ubiattach, ka duba sunan kundin da ubinfo -a, sannan ka ɗora da mount -t ubifs -o ro ubi0:rootfs /mnt, idan sunan nasa rootfs ne. Ka lura babu /dev/mtdblock a wannan layi, domin UBIFS, tsarin fayilolin da aka yi don UBI, a kan kundin UBI yake zama.

Rauta_Gumel:
Ni abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa ake wahalar da kai da wannan UBI mai hawa biyu. Ina kula da rautoci a ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari, duk OpenWrt ne a kansu, wato Linux na rautoci, wuta tana ɗaukewa a kowane lokaci, kuma JFFS2 bai taɓa ba ni kunya ba. Umarni ɗaya ne ka ɗora shi ka wuce.

Tsohon_Injiniya:
Rautocinka nawa ne girman ma'adanarsu?

Rauta_Gumel:
Yawancinsu MB 16 ne, kuma ma'adanar NOR ce, wani nau'i daban da NAND.

Tsohon_Injiniya:
To a nan JFFS2 yake da daɗi, kuma don irin wannan aka yi shi. Kamfanin Axis na ƙasar Suwidin ne ya fara JFFS a 1999, Red Hat kuma ya fitar da JFFS2 a 2001, lokacin da ma'adanar na'urori 'yan MB kaɗan ce. Ba ya ajiye fihirisa a cikin ma'adanar, saboda haka duk lokacin da za a ɗora shi sai ya bi ɓangaren daga farko har ƙarshe ya gina taswirar fayiloli a RAM. Girman ma'adana yana ƙaruwa, lokacin ɗorawa da RAM ɗin da yake ci suna ƙaruwa tare. An ƙara masa dabarar taƙaitawa a ƙarshen kowane bulo don rage jiran, amma taswirar tana nan a RAM. UBIFS, wanda Nokia suka yi tare da Jami'ar Szeged ta Hungari ya shiga kanel 2.6.27 a 2008, yana ajiye fihirisarsa a ma'adanar, ya bar wa UBI aikin raba gajiya da kula da matattun buloli. Hasali ma UBI yana ware buloli 20 a cikin kowane 1024 don maye gurbin waɗanda za su mutu, wato 40 a aisin Malam mai buloli 2048. Kuma ka duba rautocin OpenWrt masu NAND, za ka ga su ma UBIFS suke amfani da shi a wurin da naka ke amfani da JFFS2.

Ummu_Hafsa_Dutse:
Zan ƙara wani abu a kan maganar Malam Rauta. Juriyar rautocinsa ba daga JFFS2 kaɗai ta zo ba, daga yadda aka raba aikin ne. A OpenWrt ainihin manhajar tana cikin SquashFS, wanda ba a rubutu a kansa ko kaɗan, ana ganinsa a /rom. Canje-canjen da mutum ya yi ne kawai ke sauka a /overlay, bayanan aiki na yau da kullum kuma suna /tmp, wanda RAM ne. Rauta tana iya yin wata guda ba ta rubuta komai a ma'adana ba, to ta ina ɗaukewar wuta za ta same ta tana tsakiyar rubutu? Na'urar famfo kuwa aikinta ke nan rubutu, kuma bisa ga abin da /proc/mtd ya nuna, manhaja da lissafin manoma a ɓangare ɗaya suke zaune. A wurina wannan ne babban aibin ƙirar, domin matsalar fayil ɗin lissafi ba ta kamata ta hana na'ura tashi ba.

Rauta_Gumel:
Na karɓi wannan, Malama. Sai dai ina jan hankalin duk wanda zai taɓa rauta mai aisin Atheros da ya kwafi ɓangaren da ake kira art kafin komai, saboda a nan aka ajiye ma'aunin rediyon wannan na'ura ita kaɗai. Na ga wanda ya goge shi, rautar tana tashi lafiya amma wayales ya mutu.

Dalibi_Wudil:
Ina da tambaya a gefe, idan malamai za su yi haƙuri. Mu a aikinmu na makaranta ESP32 muke amfani da shi da LittleFS, wani abokina kuma Raspberry Pi da katin SD. Wannan magana ta shafe mu?

Baban_Khalil:
Ta shafe ku ta fuskar ɗaukewar wuta, amma kayan aikin daban ne. LittleFS an yi shi ne don ƙananan na'urorin da ba su da Linux, kuma an ƙera shi ya jure yankewar wuta. Abokinka kuwa katinsa yana da kwantirolan da Baba ya ambata, saboda haka nasa shi ne ext4, ko F2FS wanda Samsung suka shigar kanel 3.8 a 2013, ba UBIFS ba. Idan zai bar na'urar a gona, ya kunna tsarin karatu kawai da ke cikin raspi-config, ya sayi kati na ƙwarai, domin babu tsarin fayil da zai cece shi idan kwantirolan katin ya rikice a cikinsa. Mu koma kan matsalar Malam.

Mai_Sola_Kura:
Na ɗauki kwafin iri biyu kamar yadda Malama ta ce, na ajiye a kwamfuta da filas. Na kawo na'urar gida, tana kan batir mai cikakken caji. Da na ƙara -O 2048 ubiattach ya wuce waccan matsalar, amma dmesg ya fitar da layuka masu "error -74 (ECC error)" a kan wasu buloli, sai na cire shi da ubidetach ban ɗora komai ba. A lokacin nanddump na farko ma na ga yana ƙirga kurakuran da ya kasa gyarawa.

Ummu_Hafsa_Dutse:
Ka yi daidai da ka tsaya. Tambayar da za ta raba gardama ita ce: kurakuran a kusan kowane shafi mai rubutu suke, ko a 'yan buloli ƙalilan? Idan ko'ina ne, to aisin lafiyarsa ƙalau, kanel ɗinka ne ke lissafin gyaran kuskure da wata hanya daban da wadda aka rubuta bayanan da ita. Irin wannan yana faruwa idan nand-ecc-strength da nand-ecc-step-size na fayil ɗin dtb ɗinka, wanda ke bayyana wa kanel kayan da ke jikin fanel, ba su yi daidai da na masu ƙira ba. Tunda ka riga ka ga saɓani a kan rubu'in shafi, zargina ya fi karkata nan. Mafi sauƙi shi ne ka ɗauko ainihin kanel da dtb daga ɓangarorinsu na NAND, ka tashe su daga U-Boot, amma ka canza bootargs, wato layin umarnin da U-Boot ke miƙa wa kanel, ya nuna tushen fayiloli a katin SD. Ta haka direban da ya rubuta shi ne zai karanta.

Makanikin_Inbata:
Ni ba masanin Linux ba ne, aikina haɗa sola ne a yankin Ringim da Taura, amma ina da abin cewa game da asalin matsalar. Kada a manta na'urar da nata kanel ɗin ta fara ƙin tashi, tun kafin Malam ya kawo nasa. Irin waɗannan na'urori ba kasafai wuta ke yanke musu lokaci ɗaya ba. Batirin 12V da ya tsufa yakan kwana yana sauka, zuwa asuba ƙarfinsa ya ragu, na'urar ta mutu, nauyi ya sauka daga kan batir, ƙarfin ya ɗan dawo, ta sake tashi, ta sake mutuwa, haka har rana ta fito ta bugi faranti. Sau da yawa nakan tarar an ɗauko wayar na'ura kai tsaye daga kan batir, an tsallake kafar lodi ta kwantirola, wadda ita ce ke yanke wuta idan batir ya yi ƙasa. Ga ƙurar hunturu da ke rufe faranti ta hana batir cika, ga zafin watan Afrilu a cikin akwatin ƙarfe da ke tsakiyar rana. Malam, ina wayar taka take?

Mai_Sola_Kura:
A kan batir take kai tsaye, Makaniki, haka na same ta. Akwatin kuma na ƙarfe ne, da rana ba a iya ɗora hannu a kansa.

Tsohon_Injiniya:
Abin da Makaniki ya kawo ya fi damuna fiye da saɓanin kanel. UBIFS an gina shi ne ya jure wutar da ta yanke tsaf: yana da kundin ayyukan da bai kammala ba, idan ya tashi sai ya bi shi ya daidaita kansa. Abin da ba ya iya jurewa da tabbas shi ne aisin da ake rubutu ko gogewa a cikinsa alhali wutar tana tangal-tangal, domin shafin da aka rubuta rabi da rabi yana iya karantuwa daidai yau, gobe ya karantu daban. Zafi kuma yana rage tsawon lokacin da NAND ke riƙe abin da aka rubuta. Don haka ba zan yi mamaki ba idan matsala biyu ce a haɗe: ɓarna ta gaske a 'yan buloli, da kuma kurakuran bogi daga kanel ɗin aro.

Baban_Khalil:
Idan haka ne, shawarata ya bar aisin ya yi aiki a kan kwafi. A kwamfuta mai Linux ana iya ƙirƙirar NAND na kwaikwayo da nandsim mai shafi 2048 da bulo KB 128, a zuba kwafin da nandwrite, a yi ubiattach da -O 2048 a can, duk abin da ya ɓaci sai a sake zubawa. Akwai kuma ubi_reader, wanda da Python aka rubuta shi, yana ciro fayiloli daga hoton UBI ba tare da an ɗora komai ba. Sai dai ya tuna ɗanyen kwafin yana ɗauke da gefen shafi a bayan kowane bayit 2048, kuma ba a gyara masa kurakurai ba.

Mai_Sola_Kura:
Na bi hanyar Malama Ummu Hafsa, na tashi da ainihin kanel da dtb, tushe a katin SD. Kurakuran -74 sun ragu sosai, saura a buloli biyu kawai. Na sake ɗaukar sabon kwafi da wannan kanel, na kai shi nandsim kamar yadda Baban Khalil ya ce, kuma a can ya ɗoru da -o ro, ya rubuta "recovery needed" sannan "recovery deferred". Na kwashe fayilolin lissafi na watannin baya duk lafiya, amma na wannan wata girmansa sifili ne. Yanzu tambayata biyu ce: akwai hanyar dawo da shi, kuma in sake amfani da wannan aisi ko in nemi wani fanel?

Ummu_Hafsa_Dutse:
Alhamdu lillahi. Fayil mai girman sifili alama ce da aka saba gani a UBIFS idan manhaja ta buɗe fayil ta share shi ta sake rubutawa ba ta kira fsync, wanda ke tilasta sauke rubutu a ma'adana, ba, saboda UBIFS yana tara rubutu a RAM kafin ya sauke, saɓanin JFFS2 da ke saukewa kusan nan take. Tsofaffin guntayen fayil ɗin suna iya kasancewa a cikin kwafin idan ba a riga an goge bulolinsu ba, amma a matse suke da LZO ko zlib, saboda haka strings ba lallai ya nuna su ba, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Game da aisin, ni zan sake amfani da shi. A zuba sabon hoto da ubiformat, ba flash_erase da nandwrite ba, domin ubiformat yana riƙe ƙirgan gogewar kowane bulo. A raba kundi biyu, manhaja a SquashFS ta ubiblock, lissafi a nasa UBIFS, manhajar kuma ta riƙa ƙara layi a ƙarshen fayil tana fsync.

Tsohon_Injiniya:
A nan na saɓa da ke, 'yata. Kafin a ce za a sake amfani da shi, a duba ubinfo -a a ga buloli nawa suka mutu da mafi girman ƙirgan gogewa, sannan a gwada waɗancan buloli biyu da nandtest bayan an tabbatar kwafi ya wadatar, domin gwajin yana goge abin da ke ciki. Aisin da ya yi shekaru a akwatin ƙarfe cikin rana ba na ɗora masa lissafin kuɗin mutane a kan zato.

Makanikin_Inbata:
Ko sabon fanel aka sa, idan wayar tana kan batir kai tsaye za a dawo nan. A mayar da ita kafar lodi, a sa akwatin a inuwa, a gwada batirin da asuba ba da tsakar rana ba.

Baban_Khalil:
Malam Mai Sola, kawo mana cikakken sakamakon ubinfo -a daga ainihin na'urar, da layin bootargs da printenv ya nuna a U-Boot, da lambar da aka rubuta a jikin aisin. Ina so in ga ko ubi.mtd=5,2048 yana cikin layin, da kuma ko aisin SLC ne, mai ajiye bit ɗaya a kowace ƙwaya, ko MLC mai ajiye fiye da ɗaya, domin idan MLC ne sababbin kanel ba sa ma yarda UBI ya hau kansa, kuma shawarar Malama da ta Baba duk sai an sake duba su.